Noeline da Gajeren Wandon Mijinta

Duk wanda ya taɓa zuwa kwarinmu, nan kudancin New Zealand, don kallon tafkin da ke daskarewa a kan dutse, ya bi ta hannun yayata Noeline. A bakin tasha shagonta yake, tun muna 'yan mata take ba baƙi hayar kayan sanyi. Kafin ta amsa gaisuwarka sai ta murza hannun rigarka. In ta ji auduga ce, ka shiga uku.

"Cire, ɗan nan! Auduga gumi take sha, ta daskare a jikinka. Ulu a kan fata, mai kauri a bisansa, sannan rigar tare iska."

Ba wanda ke hawa motar da ke kai baƙi dutsen sai ta duba shi daga hula har safa. Mutum ɗaya ne ya gagare ta, shi ne direban motar, mijinta Errol.

Mazan kwarin nan, Allah ya shirye su, gajeren wando suke sawa ko ƙanƙara na zuba. Wai haka iyayensu suka yi kiwon tumaki. Wanda ya sa dogo, sai ya yi wata ana yi masa dariya a mashaya. Errol kuwa shi ne ubansu, ga ƙwauri jajur kamar an yi masa bulala.

Noeline takan ce, "Malam, don girman Allah ka sa dogo. Ka haura sittin fa."

"Haba tsohuwa, ƙafata ba ta san sanyi ba. Ki ji da baƙinki."

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ɓoye gajerun, ya je ya aro na maƙwabci. Ni dai na ce mata ta ƙona su duka, shi ma ta haɗa da shi.

Wata Asabar cikin Yuli, tsakiyar hunturunmu, iskar kudu ta juyo da azahar, dutsen ya ɓace ɗungurungum. Mota ba ta sauko ba. Noeline ta yi ta kiran wayar Errol, can sama kuwa babu sabis. Ta fita ba ko hula tana buga ƙofofin masu aikin ceto.

"Baƙin ba abin da zai same su, ni na shirya su. Errol ne! Tsirara yake, ku taimake ni!"

Na riƙe ta, ta fizge, wai da ƙafa za ta hau. Sai da na zauna a kanta. Ban taɓa jin kuka irin nata ba, ni ma na fashe.

Da la'asar aka sauko da baƙin, ko yatsa bai yi wa ɗayansu ciwo ba. Babu Errol. Wata mata a cikinsu ta ce motar ce ta kafe, shi ne ya tafi neman taimako da ƙafa.

Noeline ta cafke ta. "Akwai dogon wando na ulu a ƙarƙashin kujerarsa. Ya sa? Ki ce mini ya sa!"

Matar ta sunkuyar da kai. "Ya ɗauko, Mama. Har ya zura ƙafa ɗaya. Sai ya ce abokansa ne za su zo ceto, in suka gan shi a haka ya kaɗe har abada. Ya cire."

Kai, jama'a! Wallahi da yana gabana a lokacin da na mare shi.

Sai washegari da hantsi aka same shi a gindin wani dutse, ya zame ya karya idon sawu, da sauran numfashi. A asibiti aka yanke ƙafar hagu daga gwiwa, da yawancin yatsun hannunsa. Abokan da suka ɗauko shi suka zo dubiya, kowannensu da gajeren wando. Noeline ta kore su da tsintsiya.

Ta rufe shagon. Yanzu ita ke sa masa kaya kowace safiya, don ba ya iya ɓalla maɓalli. Ulu a kan fata, dogon wando, ta naɗe ƙafar wandon ta hagu da fil. Yana zaune shiru yana kallon bango.

Jiya na ce mata, "To Yaya, ai kin samu yadda kike so."

Ta ce, "Kullum sai na ajiye masa gajeren a gefen gado, ko zai yi mini musu. Ko kallonsa ba ya yi."