Ranar da Inna ta riƙe hannuna

Jiya da hantsi ina kwance, na tamke kai da kallabi. Ciwon ɓarin kan nan nawa ne ya taso, ko hasken taga ba na son gani. Ƙwayar da na sha ba ta yi komi ba.

Sai ga Inna, mahaifiyata, ta shigo. Daga Birnin Lalle ta zo Dakoro ganin jikoki.

Ni ce ɗiyarta ta fari. Kun san kunyar iyayenmu: tunda nake ba ta taɓa faɗin sunana ba, lafiyata ma sai dai ta tambayi ƙanwata.

Ta zauna bakin gado, ta kau da kai, ta ce, "Ke, miƙo hannu."

Ta kama tsokar nan da ke tsakanin babban yatsana da manuni, tana dannawa tana murzawa a hankali. Ta koma gefen goshi, sannan ƙeya.

Na ce, "Inna, ina kika koyi wannan?"

Ta ce, "Wurin kakarki. Ni ma ɗiyar fari ce. Sai kaina ya yi ciwo take taɓa ni."

Hawaye suka riƙa gangarowa cikin kunnena.

Ko dannawar ce, ko hannunta ne, Allah masani, ciwon dai ya lafa. Amma da ta tambaya ko ya yi sauƙi, wallahi cewa na yi, "Da saura, Inna."

'Yan fari, in ku ne, za ku ce ya daina?