Ƙarfen Baba Dauda a Ranar Galili

Litinin ɗin Ista na tashi da asuba na ɗora tukunyar shinkafa. Mijina Iliya yana bakin ƙofa yana rera waƙar tashin Almasihu da wannan muryar tasa irin ta tsohon rago. Na ce masa in da ita zai je wa'azi, mutane za su tuba don kawai ya yi shiru. Ya yi dariya har da tari.

Ƙauyenmu yana tsakanin Wanke da Magami. Mu Kiristoci gida goma sha ɗaya ne, sauran maƙwabta Musulmi ne, manoma kamar mu. Al'adarmu ce washegarin Ista mu fita Galili, wato dutsen da ke gabas da gonaki, mu ci abinci, mu tuna yadda Yesu ya aiki mutanensa bayan ya tashi. A shekarar nan, a kan dutsen za a ɗora wa Iliya hannu a aike shi wani ƙauye wajen Bungudu, inda Kiristoci ba su da mai jagorantar addu'a. Kwana arba'in ya yi yana shiri, azumi da karatu. Ni na haɗa masa kaya: Littafi Mai Tsarki, fitila, garin kunu, da sabuwar tabarma da na sayo a kasuwar Magami.

Ba mu da ƙararrawa. Ƙarfen tayar mota ne rataye a tsamiyar bakin coci, Baba Dauda, dattijon cocinmu, shi ke buga shi. Bugu uku a hankali, sujada ke nan. Bugu ba ƙaƙƙautawa, 'yan bindiga, kowa ya nufi rafi. Haka muka shirya tun da abin ya fara. Amma mun manta rana ɗaya. Tun zamanin iyayenmu, ranar Galili ma ba ƙaƙƙautawa ake buga shi, don murna.

Ƙarfe bakwai da rabi ƙarfen ya ɗauka. Baba Dauda ya hango babura ta yamma, yana bugu da iyakar ƙarfinsa don mu gudu. Mu kuwa muka fito da guɗa. Mata cikin fararen zannuwa, kwanuka a ka, yara suna tsalle. Wani ya ce, "Ya tashi!" Muka amsa, "Hakika ya tashi!" Da ƙafafunmu muka tafi wurin tsamiyar, muna waƙa. Har yau in na tuna, sai in ji kamar in mari kaina.

Sai da na ga fuskar tsohon na gane. Yana ɗaga mana hannu mu koma, wasu suna ɗaga masa hannu suna gaishe shi. Sannan ƙarar babura ta danne waƙar. Harbi ɗaya, ƙarfen ya yi shiru.

"Kowa shi kwanta! Wanda yag gudu mu halbe shi!"

Uku uku suke a kan babur, fuska a naɗe. Ba su tambayi sunan kowa ba. Ɗaya ya sa ƙafa ya ture tukunyata, wani ya duƙa ya damƙi nama yana ci yana dariya. An ce in yafe. Ina ƙoƙari, amma wannan dariyar ban yafe ta ba tukuna, kuma ba zan yi wa Allah ƙarya ba.

Iliya bai kwanta ba. Ya ruga gabas da kayansa a kafaɗa, wajen dutsen, yana ihu yana kaɗa tabarmar sama don su bi shi. Sau ɗaya ya waiwayo.

"Rahila, rafi!"

Babura huɗu suka bi shi. Na goya ƙaramar 'yata, na fizgi hannun babbar, Tabita, muka faɗa busasshen rafi tare da sauran mata. Wajen ƙarfe takwas na ji harbi uku daga dutsen. Ban tsaya ba.

Farin zane yana tona asiri a daji. Muna tafe ana iya hango mu daga nesa. Da rana ta take muka isa wani ƙauye, inda Inna Hajara, wadda muke sayar da daddawa tare, ta jawo mu ɗaki. Ta zura mini hijabinta mai duhu, ta ba yara fura, ta sa mijinta ya fitar da mu bakin hanya. Bayan la'asar motar itace ta ɗauke mu zuwa Gusau.

Jami'an tsaro sun isa ƙauyen ranar Laraba. Suka zagaya, suka rubuta, suka ce mu yi haƙuri. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka haƙa kaburburan.

Yanzu a Gusau muke zaune. Da Ista ta zagayo, mai wa'azi ya ce, "Ya tashi!" na amsa, don na gaskata. Amma da aka kaɗa ƙararrawa da tsawo, Tabita ta shige ƙarƙashin benci, ni kuma ban iya cewa ta fito ba.

Mutum bakwai muka binne, Baba Dauda ne na farko. Iliya a kan dutsen aka same shi, daidai inda za a ɗora masa hannu. Sun ɗauke fitilar da garin. Littafin yana wurina. Tabarmar kuwa, ko sau ɗaya bai kwanta a kanta da rai ba. A cikinta aka naɗe shi.