Shatin Yatsa a Kan Azurfa

Har ya yi furfura Auta ake kiransa, domin shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Ya yi ƙuruciyarsa da rabin girmansa a garejin fentin motoci, inda ya shaƙi tururin fenti har ƙirjinsa ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Da likita ya hana shi aikin, bai zauna yana zargin kowa ba. Ya sayi bindigar feshi wadda ba ta fi alƙalami girma ba, da ƙaramin injin iska, ya share ɗakin tarkace na bayan gida, ya kafa fanka a taga don ta riƙa fitar da tururin waje. A nan yake harhaɗa ƙananan jirage da motoci na roba, irin waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali, ya yi musu fenti har mai kallo ya rantse ƙarfe ne.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin wasan yara. Ni ban yarda ba, kuma ina da hujja. Fentin ruwan azurfa ya bambanta da sauran fenti: ja da kore suna rufa wa mai aiki asiri, azurfa kuwa tona shi take yi. Duk ƙarzanen da aka bari, duk layin da ya rage inda aka manne gunduwa biyu da gam, sai ta fito da shi fili fiye da yadda yake tun farko. Saboda haka Auta kan goge robar da samfefa mai laushi har ta yi sumul, sannan ya fesa baƙin fenti mai sheƙi, ya bar shi ya bushe sarai, domin sai a kan baƙi azurfa take samun zurfi. Daga nan ya rage ƙarfin iska, ya riƙa sakin azurfar sama-sama, kamar hucin baki a jikin madubi. Doka ɗaya ce a ɗakin, ba ta kuma sassauta wa kowa: ba a taɓa abin da aka gama da hannu, domin maiƙon yatsa yana dusashe azurfa, shatin kuma ba ya gogewa.

Yayansa tsohon makanikin jiragen sama ne, wanda ciwon ido ya kama bayan ya ajiye aiki. Likita ya faɗa masa gaskiya, cewa ganin zai yi ta raguwa har ya ƙare. Wata rana suna hira, Yaya ya ce da zai sake ganin irin jirgin da ya fara aiki a kansa, mai jikin farin ƙarfe babu fenti, da ya ji daɗi. Auta bai yi masa alkawari ba. Ya dai nemo kwalin irin wannan jirgin na roba, ya shiga aiki.

Ya kai ga baƙin fenti ke nan matar Yaya ta leƙo ɗakin. Tsakaninta da shi akwai wasan ƙanin miji tun tana amarya.

“Auta, wannan gawayin ne jirgin? Ni na zaci zan tarar an gama.”

“Matarmu, baƙin ai shimfiɗa ce. Ita ma kankare ta zan yi.”

“Ka kankare me?”

Ya karkata jirgin wajen taga, ya nuna mata wani siririn layi da ya bi gadon bayansa, inda ɓarin dama ya haɗu da na hagu.

“Wannan ɗan abin, da ko ni mai lafiyar ido sai da na ƙanƙance su? Jiya mutumin nan a gefen kofi ya zuba shayi. Yau da safe labule ya gaisar, yana zaton ni ce.”

“Labulen ya amsa?”

“Kada ka ja ni da wasa yau.” Ta sassauta murya. “In ka ƙara kwanaki, ban san abin da zai gani ba. Fesa masa haka nan, ba zai lura ba.”

“Rayuwarsa duka ya yi ta yana bin jikin jirgi yana neman tsaga,” in ji Auta. “Ba zan miƙa masa mai tsaga ba don kawai na san idonsa ya yi rauni.”

A nan ya kamata a yi adalci. Matar tana da gaskiya, domin kyautar da ta iso bayan lokacin amfaninta ya wuce ba ta cika kyauta ba. Shi ma Auta ya san haka. Iyalinsa sun ce a kwanakin nan abinci ma sama-sama yake ci. Amma abin da aka nema daga gare shi shi ne ya mai da raunin ɗan’uwansa mafakar sakacinsa, wannan kuwa ha’inci ne ko da tausayi ne ya kawo shi. Ya zaɓi ya ɗauki kasadar makara. Ya kankare, ya cike layin, ya goge, ya sake fesa baƙin, ya jira shi ya bushe kamar yadda ya saba, bai rage wa aikin komai ba.

Ranar da ya kai jirgin, ya tarar da Yaya zaune kusa da taga da hantsi. Ganin ya riga ya ja baya ƙwarai. Ba ya rarrabe siffa, sai haske da duhu. Auta ya riƙe jirgin da tsumma mai tsabta, ya juya shi a hankali cikin rana, walƙiyar ta gifta fuskar tsohon.

“Tsaya,” in ji Yaya. “Mayar da shi yadda yake.”

Ya mayar.

“Haka suke yi in an fito da su daga rumfa da safe. Sai ka kare ido da hannu.”

Sai ya miƙo hannu. Matarsa, wadda ta san dokar, ta buɗe baki za ta hana shi, Auta ya girgiza mata kai. Yaya ya ɗora babban yatsa a hancin jirgin, ya bi gadon bayan har wutsiya, ya dawo, ya sake bi.

“Ina haɗin?”

“Babu, Yaya.”

“Kai Auta, ƙarya da girmanka? Kowane jirgi yana da haɗi.” Ya ƙara lalubawa. “To. Ashe ka iya aiki. Ni duk zatona ɓata motocin mutane kake yi.”

Ba a daɗe ba ganin ya ƙare gaba ɗaya. Jirgin yana nan kan teburin da ke gefen kujerarsa, fikafikan suna sheƙi, gadon bayan kuwa ya dusashe saboda yatsan da ke bin sa kullum. Matar Yaya ta taɓa tambayar Auta ko ta kawo masa ya sabunta wurin.

“Bar shi, matarmu,” ya ce. “A duk jikin jirgin, nan ne kaɗai ba ni na yi ba.”