Yadda Na Ɗaure Bututun Ishaya da Roba

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure, ni da wani maƙwabcina mai kai tumatir kudu, da direbansa. Ni aka cusa a tsakiya, giya tana dukan gwiwata, jakar aikina a cinya: sifana, almakashi, gam, jemammiyar fatar akuya, da ƙunshin robar tif ɗin taya wadda ko ɗaurin aure ba na zuwa babu ita. Sana'ata gyaran injin ban ruwa. Bokona aji biyu ne, a na uku malamin da kansa ya roƙi mahaifina ya riƙe ni a gida.

Wanda ya kira ni aikin shi ne Ishaya, abokina na yarinta. Babansa ke buɗe ƙofofin kanal lokacin da aka fara kawo mana ruwan dam, gidansu jikin maƙerarmu. Tare muka yi korar tsuntsaye a gonar shinkafa, kuma ni na koya masa fafe kara a yi sarewa. Ina faɗa ne don tarihi. In na busa, masu tsinkar tumatir miƙewa suke su saurara. In ya busa, tsuntsayen ne ke tashi, shi ya sa manoma suka fi son sa. Sai mahaifina ya karya sarewata, ya ce ɗan maƙeri zuga yake yi, ba busa ba. Shi kuwa nasa uban ya kai shi makarantar mishan. Tun kafin a haifi babbar 'yata yake kaɗa ogan, kayan kiɗan nan na coci mai bututu, a wani gari gaba da Zariya. Ranar Lahadi zai yi kiɗansa na ƙarshe, a karrama shi, ya ajiye aiki. To zugazugin ogan ɗin na zubar da iska, gwaninsu na Legas kuma ya ce sai wata mai zuwa. A waya ya ce, "Ɗan Maƙera, taho, aikin gidanku ne." Kun ji fa. Shi karramawa, ni faci.

Mun wuce Garun Malam gari na wayewa. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir jere har bakin kwalta, manoma sun yi tagumi, dillalai na sakace. A Kwanar Dangora muka sha shayin da aka nuna wa gwangwanin madara daga nesa, kuɗinsa kuwa na cikakke. A Tashar Yari direba ya sayi rake ya miƙo mini, ya san sarai haƙoran gabana huɗu sun riga ni lahira. Allah ya isa ban yi ba, amma na rubuta masa a zuciya.

Da hantsi suka sauke ni. Cocin tsohon ginin dutse ne, da bishiyar mangwaro a ƙofarsa. Ishaya ya fito da furfura da lakatayi, kowa ya gifta sai ya rusuna, "Baba, ina kwana." Ni a garinmu ba a neman ni sai inji ya ƙi tashi, gaisuwar ma ita ce, "Kai jiya me ka yi masa?" Na cire takalmi a bakin ƙofa, Ishaya ya ce in mayar, kada mutane su gudu.

Kafin aiki sai da ya ba ni tarihi. Wannan ogan na uku ne. Na farko ɗan akwati ne da ake tuƙawa da ƙafa kamar keken ɗinki, Turawan mishan suka zo da shi a jirgin ƙasa, daga tasha aka ɗoro shi a ka. Gara ta cinye shi ta ciki, ranar da aka ɗaga sai gindinsa ya rage a ƙasa. Na biyu mai bututu ne na gaske, kwancen wani coci daga ƙasar Turawa, mutum biyu ke zuga shi da hannu, a kansa Ishaya ya koya. Zafin bazara ya tsattsaga katakonsa har ya koma yin kuka shi kaɗai ba a taɓa shi ba. Da sauran bututunsa masu rai aka haɗa na yanzu, aka sa masa injin hura iska. Da na leƙa cikinsa na ga ashe ban ruwa ne zalla. Babbar hanya guda, ƙananan hanyoyi, kowace da ƙofarta, sai dai iska ake kora ba ruwa ba. Bututu ɗaruruwa, wani ya fi ni tsawo, wani bai kai ɗan yatsa ba. Ni sarewa ɗaya tal aka hana ni.

Yoyon bai ba ni wahala ba. Gashin kaza na bi da shi jikin fatar zugazugin, inda ya kaɗa nan ɓarakar take. Na yanka fata, na shafa gam, kafin azahar an gama. Matar Ishaya ta shimfiɗa mini tabarma gindin mangwaro, ta kawo buta, bayan salla ta kawo tuwon masara da miyar karkashi.

Da na tsaya a nan da lafiya lau. Ishaya ya tafi ganin fasto, ni kuwa na hau tsani bayan ogan, wai ƙarin dubawa. Sai na ga wasu ƙananan bututu, saman kowanne a tsage, ƙarfen a nannaɗe kamar murfin gwangwanin kifi. Na ce a raina, ga masu Turanci, ga gwanin Legas, duk ba wanda ya ga wannan ɓarna sai ɗan aji biyu. A wurinmu ko makaho ya ji tiyo na tsartuwa ya san maganinsa. Na miƙe ƙarfen, na naɗe da roba tamau, guda goma sha huɗu. Na sauko ina jiran yabo.

Bayan la'asar mawaƙa suka taru gwaji. Ishaya ya zauna, yatsu a sama, ƙafafu a ƙasa, ya danna. Manyan bututun suka ɗauka, na ji abin a ƙirjina kamar an buɗe ƙofar dam. Wallahi daɗinsa ya ɓata mini rai. Sai hannunsa na dama ya hau sama, inda nawa suke. Kun taɓa jin kyanwoyi na faɗa a cikin garwa? Mawaƙa suka fara kallon juna. Wata dattijuwa a gaba ta kalli robar da ke leƙowa daga aljihuna. Na juya ga Ishaya ina jiran ashar. Idonsa a rufe, yana murmushi, yana ci gaba da kiɗa.

Da ya sallame su na faɗa masa abin da na yi. Tsagar nan, ashe, da ita ake saita muryar bututu. Ya jawo ni gefe ya ce:

"Ɗan Maƙera, ƙananan nan na fi shekara biyu ban ji su ba. Yatsuna ne suka san inda suke. Daga matata sai kai ka sani."

"Shi ya sa za ka ajiye?"

"Shi ya sa. Ina so in sauka kafin a gane. In aka ji haka gobe, ba za a ce ogan ba ne, za a ce tsoho ya kurumce."

"To ya za a yi?"

"Kai da ka ɓata da hannu, gyara da kunne. Ko shi ma ya bi haƙoran?"

Na koma kan tsani, na kwance robar. Sai ya danna ƙaramin tare da wani lafiyayyen ɗan'uwansa. In ba su daidaita ba, muryar na rawa kamar inji mai sakakken bel. Ina naɗe ƙarfen kaɗan kaɗan har rawar ta kwanta kamar ruwan kanal da sassafe. Ya ɗago daga ƙasa, "Ya zauna?" In ce, "Ya zauna." Ba shi da hanyar sanin gaskiya nake faɗa ko ƙarya. A na ƙarshe Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni kan tsani, ya ce bar masa ɗaya tsiya, ladan sarewarka. Na saurare shi, ba zan ɓoye ba. Sannan na gyara. Muka gama ana kiran magariba a masallacin unguwar.

Ranar Lahadi a gindin mangwaro na zauna, tagogi a buɗe. Da ya hau sama, goma sha huɗun nan suka fita tas, na ƙirga su ɗaya ɗaya. Aka yi ta tafi, aka sa masa babbar riga, aka yi jawabi kan kunnensa da babu irinsa. Da ya tashi godiya ya ce, "Da abokina daga Kano, wanda ya yi mana facin zugazugi." Faci dai. Na san ba zai iya faɗin sauran ba, amma sanin bai hana ni ture shinkafar bikin gefe ba.

A tasha ya zura mini wani abu a aljihu, ɗan bututu daga ogan na biyu, wanda ya koya a kai. Ya ce, "Na biya bashin sarewa." Na shigo motar haya, na iso gida da yamma, kanal cike da ruwa, mutum uku na jira na da injinansu. Na wuce su na shiga ɗaki na busa. Murya ɗaya gare shi, rabin iskar ma ta wawulona take fita. Uwargida ta leƙo ta ce wane ɗan akuya ne ya maƙale a danga.

Abin da na koyo a tafiyar nan, ba kowace tsaga ce yoyo ba, robata kuma ta tsaya a bakin kanal. Hassada kuwa da ita na tafi, da ita na dawo, sai dai ta ɗan rame. Shi aka ba riga, aka yi wa tafi. Amma kiɗan nan na ƙarshe, a tsakaninmu mu biyu, ni kaɗai na ji shi duka.