Tudun da Na Zaɓa wa Kunkuru

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ranar da na kai kunkuru Hamdara ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ina sabon shiga a biro, wato ofishin kula da namun daji na Zinder. Aka ƙwato kunkuru goma sha ɗaya, manyan nan masu haƙa rami, daga hannun wani ɗan kasuwa a Zango, aka jibge mana su a tsakar biro. Kullum ramewa suke yi, ga shef ɗinmu, wato shugaban biro, ya tasa ni gaba, wai ni mai karatun taswira in samo musu mazauni kafin damina ta sauka.

Sati uku na yi a gaban kwamfuta har idona ya yi ja. Na ɗora bayanan tsayin ƙasa a kan hoton tauraron ɗan adam, na cire duk kwarin da ruwa ke kwanciya, na cire gonaki da burtalin shanu. Tudu ɗaya ya rage, can wajen Hamdara: yashi mai laushi, itatuwa ba a sare ba, ba noma ba kiwo. Na riƙa jin kaina kamar ni na halicce shi.

Direbanmu, wani dattijo ɗan Birni, ya ce mu fara biyawa mu gaida mai gari. Na ce masa tauraro ya riga ya gaishe shi. Har yau in na tuna bakin nan nawa sai haushi ya kama ni.

Mun isa rana ta take. Mun sauke huɗu ke nan sai ga wani tsoho da hauya a kafaɗa. Ya yi sallama, ya daɗe yana kallon ikon Allah.

"Ɗana, baƙin nan naka haƙa suke yi?"

"Ƙwarai, Baba. Raminsu ya fi tsayin mutum."

"To, mahaifina yana nan ƙarƙashin ƙafarka."

Sai a lokacin na ga fasassun tukwane da guntayen itace a jere, rabi yashi ya rufe. Maƙabarta ce. Duk abin da kwamfutata ta yaba, shi kakannin mutanen garin suka gani tun tuni, shi ya sa ba mai noma ko kiwo a wurin.

Muka sake loda kunkurun cikin zafin nan. Direba ya tada mota. Dole muka je wurin mai garin da na raina. Ko minti biyar bai yi ba ya kwatanta mana wani fili bayan duwatsu, wanda ni na soke saboda hoto ya nuna gona. Ashe hoton tsoho ne, an daɗe da barin noma ta.

Da muka buɗe bayan mota a can, goma suka sauka suka nufi inuwa. Babbar cikinsu, wadda nake ba ganyen salati da hannuna kullum, ba ta motsa ba. Zafi ya kashe ta.

Har gobe ina aiki da taswira. Amma na koyi cewa matambayi ba ya ɓata: kwamfuta ta san tudu da kwari, ba ta san wanda ke kwance a ƙasa ba. Yanzu gaisuwa nake fara yi.