Ranar da Gwaggo Ta Hana a Kashe Bidiyo

Shekarar da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas ta dawo Abuja, mu ma aka kwaso mu. Baba direba ne a wata ma'aikata, kuma gidajen da aka gina a cikin birni ba su kai kan direbobi ba, sai ya kama mana ɗaki biyu a Jiwa, a gidan wani dattijo manomin doya da kowa ke kira Baban Gida. Mu huɗu muka tare: Baba, Umma, ni, da Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar Baba ce, kuma wada ce. Ina 'yar shekara goma sha uku na riga na wuce ta tsawo nesa ba kusa ba, amma a murya da iya magana duk gidan babu mai kama ƙafarta. Kitso take yi. Wadda za a yi wa kitso ta zauna a tabarma, ita Gwaggo ta hau kujera 'yar tsugunno, hannu na aiki baki na aiki, har a gama kai ba a san an gama ba. Sai dai tun zuwanmu Jiwa ba ta cika fita ba. Ba don tsoro ba, don Baba. Idan suka fita tare wani ya ƙura mata ido, sai Baba ya tsaya ya ce, "Malam, bashi kake bin ta?" Sau da yawa sai an raba. Cefane kuwa, kafin ta ɗauki mayafi ya ce, "Zauna, zan taho da shi." Da ta gaji da musu sai ta zauna.

Abu ɗaya da muka zo da shi daga Legas wanda ya ɗaga darajarmu a unguwa shi ne bidiyo da talabijin, da wani ƙaramin janareta mai tari kamar tsoho. Ranar Lahadi bayan azahar, lokacin da masu zuwa coci sun dawo sun ci abinci, sai a fito da kayan rumfar tsakar gida, a rataye zannuwa ta gefen rana don hoto ya fito, unguwa ta taru.

Wata Asabar Baba ya dawo da kaset da wani abokin aikinsa ya ara masa. Ba kwali, ba rubutu. Abin da kawai aka gaya masa shi ne fim ɗin Hausa ne, irin sababbin da aka fara yi a lokacin, kuma akwai dariya. Fim da Hausa! Mu da muka saba kallon Indiya da na karate muna cikasa maganar da bakinmu. Kafin gari ya waye labari ya zaga Jiwa. Ni kaina na kai shi gida uku.

Ranar ban taɓa ganin rumfarmu ta cika haka ba. Baban Gida ya zo da kujerarsa ta kwanciya da matansa. Maƙwabciyarmu Madam, 'yar Filato mai buga tafireta a sakatariya, ta zo da kayan cocinta ba ta ko canja ba. Akwai wani dogon makanike da ke aiki a Apo, wanda ke haya a ɗakin ƙarshe, shi ne mai ta da janareta, shi ya sa kullum ake ba shi bakin benci. Yara sun cika gaba. Gwaggo ta kife turmi a gefen Baba ta hau, kamar yadda ta saba, da ƙullin gyaɗa a cinya.

Fim ya fara da shirin aure. Wani saurayi zai auri 'yar mai kuɗi, ana ta share gida domin iyayen yarinya za su zo ganin dangi. Muna ta murna da jin ana cewa "sannu da aiki" a cikin talabijin. Can sai uwar saurayin ta ƙwala kira, ƙanen ango ya fito daga ɗaki yana miƙa.

Wada ne.

Yara suka kwashe da dariya, sannan dariyar ta yanke a tsakiya, don sun tuna wadda ke zaune a bayansu. Rumfa ta yi tsit, ba ka jin komai sai janareta. Kowa ya kafe ido a talabijin, amma na san da gefen ido Gwaggo ake kallo. Baba ya miƙe, fuskarsa a murtuke, ya nufi bidiyon.

"Yaya, ina za ka?"

"Kaset ɗin ba shi da kyau. Bari a sa wani."

"Wallahi ka taɓa shi, ni da kai ne. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin irina a cikin akwatin nan ba, yau na gani ka ce ba kyau? Koma ka zauna, ka tare mini."

Baba ya koma ya zauna. Gwaggo ta juyo ga yara. "Ku kuma wa ya mutu? In abin dariya ya zo ku yi abinku. In ba na dariya ba ne, ni zan gaya muku."

Abin dariya kuwa ya zo. A fim ɗin, da aka ji ƙarar motar baƙi, yayan ya sunkuci ƙanen ya jefa shi cikin rumbu, ya ce kada ya ko yi tari sai sun tafi. Shi kuwa ya tarar da gyaɗar biki a ciki, ya zauna ya hau ci yana watso ɓawo ta saman rumbu, ɓawon na sauka a kan hular surukin da ke zaune a ƙasa yana jawabi. Surukin ya ɗaga kai, uwar ango ta ce ai ɓeraye ne. Sai aka ji murya daga rumbu: "Ɓeran yana neman ruwan sha!"

Gwaggo ce ta fara. Dariya ta kama ta har gyaɗarta ta zube, tana dukan cinyar Baba tana cewa, "Ɗan albarka! Cinye musu duka!" Da mutane suka ga haka sai rumfa ta ɓarke. Baban Gida ya yi dariya har kujerarsa ta naɗe da shi, matansa suka ɗago shi yana cewa a mayar baya ya sake gani. Madam na share hawaye da gefen ɗankwalin cocinta. Makanike ya faɗo daga bakin benci. Har Baba na ga kafaɗarsa na rawa, yana ta ƙoƙarin haɗe fuska.

Daga nan kallo ya koma na mutum biyu, fim da Gwaggo. Duk abin da wadan ya yi sai ta yi sharhi. Da ya hau kujera don ɗauko tulu ta ce, "Ƙarya ne, ba haka ake yi ba, da sanda ake jawowa." Da ya zagi yayansa ta ce, "Ƙara masa!" Da ya tsaya gaban madubi yana gyara hula don wata mai tallan fura ta ce, "Kai, ɗan banza, ashe kai ma ka iya!"

Sai kuma fim ya juya. Bayan baƙi sun tafi, wadan ya sami uwarsa a madafa. Bai yi wasa ba. Ya ce mata abin da yayansa ya yi bai dame shi ba, abin da ya dame shi shi ne ita ce ta riƙe murfin rumbun. Uwar ta ce don kada a yi masa dariya ne. Ya ce, "Inna, dariyar waje na saba da ita." Ya ɗaure kayansa a ɗan buhu, ya fita ta ƙofar baya.

A daidai nan janareta ya yi tari biyu ya mutu.

Ihu ya tashi kamar an yi gobara. Makanike ya duba ya ce mai ne ya ƙare. Jiwa kuwa a lokacin, sai ka fita titi kafin ka sami fetur. Baban Gida ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Babu wanda zai tafi! Wannan yaro, sai mun san inda ta je." Haka Hausarsa take, ba ta rarrabe mace da namiji, kuma ba wanda ya taɓa damuwa. Makanike ya dubi Baba ya ce, "Oga, motarka fa?" Baba ya miƙa makulli ba musu. Makanike ya zura tiyo a tanki, ya zuƙa, ya tofar, yara na kewaye da shi suna ba shi ƙwarin gwiwa.

Kafin mai ya zo, rumfa ta zama kotu. Madam ta ce uwar ce mai laifi, ita da ta haife shi. Ɗaya daga cikin matan Baban Gida ta ce a'a, uwa ba ta da zaɓi, tana tsoron a fasa auren ɗaya ɗan ne. Baban Gida ya ce a garinsu wanda ya ɓoye ɗan'uwansa shi ake ɓoyewa ranar biki. Umma kuwa tana ta tsince gyaɗar da ta zube. Baba ya ce, da ƙarfi, "Ni dai yayan nan, da a gabana yake da na mare shi. Mutum ya ji kunyar jininsa?"

Gwaggo ta dube shi tana murmushi. "Kai ba ka jin kunyata, Yaya, wannan kowa ya shaida. Amma rumbu ai iri-iri ne."

"Me kike nufi?"

"Tunda muka zo, kullum kana ba mu labarin titi mai faɗi da gidaje masu hawa. Ka kai Umma ta gani, ka kai yarinyar nan. Ni na ga bayan gidan Baban Gida da gonar doya."

"Ke kin san halin mutane. Kallo, nuni..."

"Su kalla mana! Ni ma ina da ido, zan rama. Kai ne ba ka iya jurewa, ba ni ba."

Ba ta faɗa da fushi ba, tana ɓare gyaɗa take maganar. Madam ta ce, "Oga, gaskiya ta faɗa maka fa." Baban Gida ya ce, "Wannan mace, shi ya fi lauya." Aka yi dariya, Baba ya sunkuyar da kai yana shafa ƙeya, sai ga janareta ya tashi, yara suka yi shewa, kowa ya koma mazauninsa a guje.

Ragowar fim ɗin a tsaye wasu suka kalle shi. Amarya ce da kanta ta gano zancen, ta ce ba za a ɗaura ba sai an nemo ƙanen. Aka bazama nema, aka same shi a tasha ya zama mai kiran fasinja, yana tsaye kan bencin mai shayi yana ba direbobi umarni. Yayan ya durƙusa yana ba shi haƙuri a gaban 'yan tasha, shi kuma ya ce zai koma, amma da sharaɗi: yayan ya shiga rumbun nan ya yini. Da aka nuno ƙaton ango a dunƙule cikin rumbu, ƙafafu a waje, rumfarmu ta kusa rushewa. Da aka nuno uwar ta rungume ƙaramin ɗanta kuma, na waiga na ga makanike, wannan dogon mutum mai warin fetur, yana kuka shaɓe-shaɓe ba ya ko ɓoyewa. Gwaggo ta miƙa masa gefen mayafinta ta ce, "Share, kada ka jiƙa mana benci."

Da aka gama aka yi tafi, aka ce a sake daga farko. Baba ya ce man motarsa ba na gado ba ne. Mutane suka watse suna maimaita maganganun fim, kuma har aka yi sati yaran unguwa in suna jin ƙishi sai su ce ɓera yana neman ruwa. Na tambayi Gwaggo da muke naɗe tabarmi ko ba ta ji haushin dariyar ba. Ta ce wani wurin ta ji, musamman inda aka sa wadan ya faɗi a kwata ba dalili, don kawai a yi dariya. "Amma kin ga yana da rowa, yana da baƙar magana, yana son mata. Mutum ne sosai. Ni abin da ya burge ni ke nan."

Asabar ta gaba tun da hantsi ta ci ado, ta sa atamfarta ta Legas da ɗan kunne. Baba ya fito da makulli, ta ce a'a, motar haya za ta hau, ni zan raka ta. Ya tsaya a ƙofar gida yana kallonmu kamar zai biyo mu, Umma ta riƙe masa hannun riga.

An kalle mu kuwa. Kwandasta ya miƙo hannu zai ɗaga ta, ta ce, "Sauke hannunka, ƙanena, ba buhun masara ba ce," ta kama ƙarfe ta haye da kanta, mota ta ɗauki dariya, har da shi. Ta zauna bakin taga. Duk ginin da muka wuce sai ta tambayi ko na mene ne, in ba wanda ya sani ta ƙirƙira masa aiki. A kasuwar Wuse wata mata ta tsaya tana ƙare mata kallo, Gwaggo ta ce, "Hajiya, kitsonki ya tsufa, wa ya yi miki wannan aika-aika?" Kafin mu bar wurin matar ta tambayi kwatancen gidanmu.

Bayan kamar shekara biyu Gwaggo ta kama shago a Lugbe, a bakin hanyar filin jirgi, lokacin unguwar ba ta wuce 'yan gidaje da jar ƙasa ba. Baba ne ya kai mata kaya da motarsa, ya kafa mata madubi daidai tsayinta, ya yi faɗa da kafinta a kan benci. Makanike kuwa, Apo da Lugbe ba kusa ba ne, amma kullum sai ya sami dalilin bi ta ƙofar shagon. Sai da ta ja masa rai har damina biyu kafin ta ce ya je ya ga Yaya.