Ranar da Na Juya wa Garwa Baya

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ni yarinya ce da ban cika ashirin ba, shekarata biyu da aure, ina goyon 'ya mace mai wata tara. Muna zaune a Zangon Kumasi, ɗaki ɗaya a wani gidan haya mai mata da yawa, ƙarƙashin wata dattijuwa da kowa ke kira Magajiya. Karatuna na allo ne, shi ma ban yi nisa ba, in kun ga maganata ta karkace ku yi haƙuri. Ni mace ce mai tsoro tun asali. In 'yata ta yi atishawa sau biyu sai na zaga ɗakuna ina tambaya ko mura ce, har matan gida suka riƙa tsokanata wai ni kaɗai na taɓa haihuwa a Zango. To ni ɗin nan mai wannan tsoro, ni na ɗauki yarinyar da kaina na kai ta inda ta samu tabon da za ta rayu da shi, kuma har yau ubanta bai san yadda aka yi ba.

Mijina fataucin goro yake yi. Da goro ya koma bin jirgin ƙasa zuwa bakin teku, shi ma ya bi kayan maigidansa har Ikko, ya ce wata biyu zai yi. Wata biyu suka zama biyar, babu shi babu saƙo. Abin da ya bari ya ƙare, na fara suyar ƙosai a bakin hanya wajen kasuwar Kejetiya, amma masu ƙosai sun fi masu saye yawa, nonona kuma ya fara janyewa. A nan wata mata 'yar bakin teku da ke aure a unguwar Oforikrom ta saba tsayawa wurina. Mame nake ce mata, yadda ake kiran manyan matan Tonawa, wato Ashantawa 'yan ƙasar, ita kuma Amariya take ce mini. Wata rana ta ce ta daɗe tana kallona, ba ta taɓa ganin ƙosaina ya ƙone ko ya sha mai ba, hannuna ya san wuta, kuma tana da aikin da ba ya son komai sai irin wannan hannu. Ba ta ɓoye mini ba. Bammi take dafawa ta fitar da farar giyar nan mai zafi, a cikin kurmi bayan gonar mijinta, inda idon hukuma ba ya kaiwa. Na ce a'uzu billahi. Ta yi dariya ta ce ai ba ta ce in sha ba, ba ta ce in sayar ba, itace kawai zan tura in janye, ko addininmu ya hana tura itace ne? Kwana uku ina juya maganar. A na huɗu yarinya ta kama nono ta saki tana kuka, sai na goya ta na kama hanya.

Za ku ce me ya sa ban bar ta a gida ba. A Zango ba a rasa mai riƙe maka ɗa, amma wadda ta riƙe sai ta ji ina za ki, wurin wa, yaushe za ki dawo, kuma in yarinya ta yi kuka za a aiko a nemo ki. Sai na ce musu wake nake zuwa sayowa wurin manoma don ya fi araha, na riƙa tafiya da ita. Wurin aikin ba wani abu ba ne: garwar kananzir a kan duwatsu uku, an cika ta da bammin da ya kwana ya yi tsami, an rufe bakinta an liƙe da laka da tsumma. Wani bututun jan ƙarfe ya fita daga kanta ya naɗe cikin gangar ruwan sanyi, ya ɓullo ta ƙasa inda kwalba ke jira. Mame ta ce duk sirrin aikin wuta ce. In ta yi yawa, bammin ya kumbura ya biyo bututu, abin ya fito a gurɓace da tsami, an yi asarar garwa guda. In ta yi kaɗan, a wuni ana kallon kwalba ba ko ɗigo. Na ce a raina wannan ai ba zai gagare ni ba.

Ya gagare ni. Mai girki da ido take aiki, ta buɗe tukunya ta gani, ta ɗanɗana, ta ji ƙamshi. Wannan tukunya kuwa a liƙe take, ba ki ganin komai. Mame da bakin kwalba take gane wutarta: ta tara yatsa ta ji ko ɗigon da sanyi ya fito ko da ɗumi, ta lasa, ta shaƙa, ta taɓa ruwan ganga. Ni kuwa na riga na yi wa kaina doka, don in samu abin da zan faɗa wa Allah. Na ce ba zan taɓa ba, ba zan shaƙa ba, ba zan ma je ɓangaren kwalba ba, aikina ya tsaya a murhu. Nakan zauna can gefen duwatsu ina kasa kunne da ƙarar garwa kawai. Mame ta sha ce mini Amariya ki zo ki sa yatsa, yatsa ba ya maye, in an je lahira ita za ta tsaya mini shaida cewa ban lasa ba. In na ƙi sai ta ce to Malama, a ci gaba da dafa abinci ido rufe.

Babu dabarar da ban yi ba. Itacen kurmi ɗanye ne, ya yi ta hayaƙi ba zafi, sai in sa faifai in fifita yadda na saba, sai ya kama gaba ɗaya garwa ta hau kuka. In janye biyu in yayyafa ruwa, sai wutar ta mutu. Na gwada gawayi, ya yi kyau da farko amma ba ya jimawa. Na gwada ɓawon kwakwar manja, shi kuma ba ya jin magana, in ya kama ba a iya rage shi. Na kafa ganyen ayaba don in tare iska, iskar ta sauya gefe. Garwa biyu na lalata a mako na farko. Mame ba ta kore ni ba, sai dai ta ce matsalata ba a murhu take ba, rabin wutar yana can cikin ganga: in ruwan ya yi ɗumi, tururi ne zai fito maimakon ɗigo, kuma wannan tururin in ya ga wuta kamawa yake. Na ji, amma ganga tana ɓangaren da na haramta wa kaina. Kullum in dawo gida kafin la'asar da ɗan ƙullin wake a ka, idona ja da hayaƙi, gabana yana faɗuwa ko wani zai ji wari a zanena.

Ranar da abin ya faru an yi rasuwa a dangin mijin Mame, kuma kun san Tonawa da makoki, ba a fashi. Ta ɗora garwa da safe, ta liƙe, ta ce za ta leƙa ta dawo kafin rana ta take. Azahar ta yi ba ta dawo ba. Ina ta kallon inuwa, ina lissafin tafiyar da ke gabana, ina tunanin bakin matan gidanmu in suka yi la'asar ban shigo ba. Na hango kwalba daga nesa, na ga ɗigon ya tsaya. Daga baya na gane kumfa ce ta toshe bututu don wuta ta yi yawa. A lokacin kuwa tunanin mai ƙosai na yi, na ce abu ya ƙi fitowa, wuta ce ta yi kaɗan. Na kwashi ɓawon kwakwa hannu biyu na zuba, na fifita. Garwa ta fara wata ƙara da ban taɓa ji ba, cikinta ya kumbura, lakar bakinta ta tsage tana fito kamar usur. Maimakon in janye wutar in gudu, sai na ɗebi ɗanyar laka na sunkuya ina dannawa a kan tsagar, don kada Mame ta ce na sake yi mata asara. Murfin ya motsa a ƙarƙashin tafina. Na san zai tashi. Sai na yi abin da kowa ke yi in abu zai fashe a fuskarsa, na juya masa baya. Na manta abin da ke bayana.

Ban ji zafi ko kaɗan ba, 'yata ce ta karɓe duka. Da na kwance goyon, gashin gefen kanta ya ƙone, kunnenta na hagu da wuya da kafaɗa sun saluɓe, bakinta a buɗe amma kukan ya ƙi fita sai can. Na rungume ta na yi ta gudu. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne wannan: da na iso rafi kafin shiga gari, na tsaya. Na kwantar da ita a kan ciyawa tana ihu, na wanke zanen goyon da rigarta da kallabina, na cuɗa da yashi, na shaƙa, na sake cuɗawa, don kada a ji warin bammi. Ban san tsawon lokacin da na ɓata ba. Na san dai da na ɗauke ta muryarta ta dushe.

A gida na ce tukunyar kokon wata manomiya ce ta kife mata. Mata suka yi ta salati, aka ruga aka kira wata tsohuwa mai maganin ƙuna. Ta tambaye ni sau biyu, wuta ce ko ruwa, don maganin ƙunar wuta daban, na abu mai ruwa daban. Na ce koko ne. Ta shafa abin da za ta shafa ta tafi. Magajiya ta daɗe tana duban kan yarinyar, sannan ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin kokon da ke babbake gashi ba, amma Allah ya fi mu sani. Kwana shida ciwon yana ruwa, jikinta zafi, ta ƙi nono, ni kuma ina zaune ina kallo ba abin da zan iya. Ban san ko ƙaryata ce ta hana maganin ci ba, ko da ma haka zai yi. A rana ta bakwai na bi Magajiya bakin rijiya na faɗa mata komai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi, 'yar nan, da kin ce mini yunwa kike ji, tukunyata ta taɓa ƙin ki? Ta sa mayafi ta je ta ɗauko tsohuwar da kanta, aka sauya magani, kuma ba ta faɗa wa kowa ba.

Yarinyar ta rayu, alhamdu lillahi, amma kunnen ya naɗe ya manne, wuyan ya ja, ba ta iya waiwayawa hagu sai ta juya duk jikinta. Ubanta ya dawo bayan wata biyu, ashe ciwo ya kwantar da shi a can. Aka ce masa koko ne, ya ɗauke ta ya yi hawaye, ya ce mini in daina kuka, ƙaddara ce, ya san babu uwar da ta kai ni kula da ɗa. Mame ta aiko sau ɗaya da doya da man kaɗe, ban sake ganinta ba. Yanzu yarinyar ta fara zuwa makarantar allo, da kanta take jan kallabi ta rufe gefen, ba wanda ya koya mata.

Abin da na koya shi ne, na yaudari kaina da cewa ana iya shiga abu rabi. Na ce hannuna a itace kawai yake, sai na ƙi sanin aikin da na sa kaina a ciki, ban tsira daga zunubin ba kuma ban tsira daga wutar ba. 'Yan'uwana mata na Zango, in gida ya ƙare miki, ki buɗe baki ki faɗa wa ta kusa da ke, kunyar roƙo kwana ɗaya ce. Duk aikin da ba za ki iya faɗin sunansa a tsakar gida ba, kada ki kai ɗanki wurinsa. In kuma tsautsayi ya riga ya faru, ki faɗa wa mai magani gaskiya a tambayar farko. Ni dai ku sa ni a addu'a. Wata rana yarinyar nan za ta tambaye ni da kanta wace mata ce mai kokon, kuma har yanzu ban san abin da zan ce mata ba.